Yadda na shigo da AI cikin lesin ɗin Faransanci, da inda na hana shi shiga

Ni Faransanci nake koyarwa a Kano, da safe a wata makarantar kuɗi, da yamma kuma ina da lesin na manya a wani aji da muke haya bayan an tashi yara. Na yamman nan su nake so na yi magana a kansu, don su ba dole aka yi musu ba, da kuɗinsu suke zuwa bayan sun gama wahalar yini. Akwai ƴan Kantin Kwari masu zuwa Kwatano da Lome sarin kaya da suka gaji da biyan tafinta, akwai ma'aikatan jinya da masu aiki da ƙungiyoyin agaji da ke son a tura su Nijar ko Chadi ko Kamaru, sai matasa masu neman karatu a waje. Mafi yawansu takardar DELF ta shaidar iya Faransanci suke hari, matakin B1, wato matsakaicin mataki.

Ga wanda bai san ta ba, DELF takarda ce ta ma'aikatar ilimin Faransa, a cibiyoyi irin su Alliance Française ake rubuta ta, kuma idan ka samu ka samu kenan ba ta ƙarewa. Kashi huɗu ce, sauraro da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25, jimla 100. Da 50 ake ci, amma akwai sharaɗin da ke kayar da mutane, duk kashin da ka samu ƙasa da 5 to ka faɗi ko da sauran ukun ka cinye su tas. A B1 rubutun minti 45 ne kuma kada ya gaza kalma 160, maganar kuma wajen minti 15 ce gaba da gaba da masu jarabawa, za ka gabatar da kanka, a yi ɗan wasan kwaikwayo da kai, sannan a ba ka gajeren rubutu ka faɗi ra'ayinka a kai.

Matsalata tun asali ita ce magana. Aji ya cika, lokaci awa ɗaya da rabi, in ka raba tsakaninsu kowa bai fi ya buɗe baki na ƴan mintuna ba, wasu ma kunya ba ta barin su, musamman idan babban mutum ne da gemunsa ga yara sa'annin ƴaƴansa a gefe. Suna fita ƙofa kuma shikenan Faransanci ya ƙare sai wani zuwan, da wa za ka yi shi a Kurna ko Hotoro? Mu lokacin muna jami'a an kai mu ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991, can dole ka yi yaren daga safe har dare, kuma a can ne bakina ya buɗe ba a aji ba. Ɗalibaina ba su da wannan damar, kuma kullum abin yana ci mini rai.

ChatGPT, manhajar AI da ake hira da ita tana amsawa kamar mutum, ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, mun ji labari, wasu sun gwada, amma a ajina abin bai yi ƙarfi ba sai a 2024 da Meta AI ya shigo cikin WhatsApp ɗin kowa, ba sai ka sauke komai ba. Daga nan ne asaimen ɗin da nake bayarwa a tafi da shi gida ya canza kama. Mutumin da jiya yake fama da être da avoir, darasin ƴan farko, yau ya kawo mini wasiƙa tsaf babu ko ɗigon kuskure, har da subjonctif da ban ma koyar ba tukuna. Ban yi faɗa ba, manya ne, kuma na san ba mugunta ba ce, mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye ga abu a wayarsa da zai yi masa aikin a minti ɗaya, waye ba zai taɓa ba. Wani abokin aikina ya ce na riƙa saka rubutun a manhajojin nan masu gano ko AI ne ya rubuta, na ce a'a ba zan yi ba. Kamfanin OpenAI mai ChatGPT da kansa ya taɓa fitar da irin wannan manhaja a farkon 2023, zuwa Yulin shekarar ya janye ta saboda ba ta cika dacewa ba. Kuma a 2023 ɗin wasu masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan manhajoji da rubuce-rubucen jarabawar TOEFL na waɗanda Turanci ba yarensu ba ne, fiye da rabi aka ce wai na'ura ce ta rubuta alhali mutane ne. Dalili kuwa mai koyon yare kalmominsa kaɗan ne, jimlolinsa masu sauƙi ne, to abin sai ya yi kama da na na'ura a idon manhajar. Yaya zan kalli Hajiya mai ƴaƴa biyar da ta kwana tana haɗa wasiƙarta na ce mata ta yi satar amsa don wata manhaja ta ce haka? Wallahi ba zan iya ba.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa na juya abin ya zama mai amfani shi ne labarin gwajin da Bankin Duniya ya yi a Benin ta jihar Edo a tsakiyar 2024, inda ƴan sakandare suka yi sati shida suna koyon Turanci da manhajar AI bayan an tashi makaranta, kuma aka ga ci gaba a sakamakonsu. Abin da na riƙe daga labarin shi ne akwai malamai a ɗakin, su ke buɗe darasin su ke lura da abin da yaran ke yi, ba waya aka miƙa musu aka tafi ba.

To abu na farko da na yi shi ne na daina ba da maki a kan duk rubutun da aka yi a gida. Na faɗa musu ƙarara, na ce daga yau abin da zan duba na saka maki shi ne wanda aka rubuta a gabana da biro, waya a cikin jaka, wanda kuka yi a gida kuwa naku ne ku yi shi da AI ko da wa kuke so amma zan nuna muku yadda za ku yi ya amfane ku. Nan take sha'awar kwafa da liƙawa ta mutu don babu ribar da za a ci.

Sai batun umarnin da za a ba manhajar, nan ne na fi ɓata lokaci. Idan ka ce mata kawai "gyara mini wannan" to za ta sake rubuta maka komai ne da nata salon, kamar ka kai wa tela riga ya sa maka maɓalli ya dawo maka da sabuwar babbar riga, ta yi kyau amma ba taka ba ce kuma ba ka san inda taka ta yage ba. Na zauna na rubuta umarni da Faransanci na saka a gurup ɗinmu na WhatsApp kowa ya kwafa ya ajiye, ma'anarsa dai ita ce: ni ɗalibi ne a matakin A2 (na ƙasa da B1) ina shirin B1, kada ka sake rubuta mini komai, ka nuna mini kurakurai uku mafi girma kawai, ka faɗi layin da suke amma kada ka ba ni amsa sai na gwada da kaina, kuma ka yi mini bayani da Faransanci mai sauƙi. Wannan "uku kawai" ɗin yana da muhimmanci sosai, don in ta jero wa mutum kuskure ashirin a wasiƙa ɗaya sai ya karaya ya rufe wayar. Wani lokacin hira in ta yi nisa takan manta umarnin ta koma halinta na gyara komai, sai na ce musu su buɗe sabuwar hira su sake liƙa shi.

Wasu sun so a riƙa yi musu bayanin da Hausa. Na bar su a farko, amma na lura Hausar takan fito a karkace idan aka zo bayanin nahawu, kalmomin da take ɗaukowa ba waɗanda muke amfani da su a aji ba ne, sai mutum ya ƙara ruɗewa. Muka tsaya a kan Faransanci mai sauƙi, wanda ya cije sai ya kawo mini aji na warware masa da Hausarmu ta yau da kullum.

Kowa na sa ya sayi ƙaramin littafi, muka sa masa suna littafin kuskure. Duk abin da manhajar ta kama maka ka rubuta shi da hannu, jimlarka ta farko a hagu gyararriyar a dama, kuma shi nake dubawa a farkon kowane zama maimakon asaimen. A nan na fara ganin abin da da ba na iya gani, don duk wanda ka buɗe littafinsa za ka ga ciwonsa a fili, wannan kullum "j'ai allé" yake rubutawa a madadin "je suis allé", wancan kuma jinsin kalma ne ke kayar da shi, wata ba ta taɓa tuna s ɗin jam'i. Sai darasina ya koma bin abin da ke cikin littattafan nan.

Inda na fi jin daɗin abin shi ne wasan kwaikwayo. Akwai wani Alhaji ɗan Kwari, mutum mai kamala, wanda a aji ba ya cewa uffan sai dai ya yi ta rubutu. Na karɓi wayarsa na rubuta wa manhajar cewa ita dillaliyar atamfa ce a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, shi kuma ya zo sari, ta tsauwala farashi kada ta sauko da sauƙi, ta riƙa faɗin kuɗi da sefa. Na miƙa masa na koma gaban allo. Da na waiwayo sai na ga ya gyara zama ya ture hula baya, yatsa ɗaya yake bugawa a hankali yana motsa baki, can na ji ya ce a fili "kai, wannan matar ba ta da sauƙi". Ciniki ai fagensa ne, abin da zai faɗa yana da shi a ka tun shekara talatin, kalmomin ne kawai babu, ga kuma abokiyar ciniki da ba za ta yi masa dariya ba ko ya maimaita tambaya sau nawa. Da muka haɗu a zama na gaba tun daga ƙofa ya ce "Malam, jiya sai da na sauko da ita", kuma lissafin Faransanci da ke ba kowa wahala, irin su soixante-dix da quatre-vingt-quinze, ya zauna masa daram saboda kuɗi ne. Ma'aikatan jinyar kuma na sa manhajar ta zama mara lafiya mai zazzaɓi su yi mata tambayoyi, amma na gargaɗe su kada wanda ya saka sunan majinyaci na gaske ko lambar fasfo ko wani sirrin wurin aiki, abin da ka rubuta a nan ya bar wayarka ya tafi wurin wasu.

Daga nan sai na ce bari na gwada ta a duba rubutu da saka maki, don gaskiya duba takardu yana cinye mini dare. Takardar da masu duba DELF ke bi a fili take kowa na iya samu, abu biyar ake dubawa a rubutun B1, ko ka yi abin da aka tambaya, ko maganarka a haɗe take, ko ka yi wa wanda kake rubuta wa irin maganar da ta dace da shi, sai kalmomi, sai nahawu, kowanne maki 5. Na ɗauki wasiƙun da aka rubuta a gabana na cire sunaye, na fara duba su da kaina na ajiye makina a gefe, sannan na ba wata daga cikin manhajojin tare da ƙa'idojin. Wata wasiƙa da na ba 13 ita ta ba ta 21, har da yabo wai rubutu ne mai tsari. Na buɗe sabuwar hira na sake saka wasiƙar nan ba tare da na canza ko harafi ba, ta ba ta 17. Na ce mata anya ba ki yi sassauci ba, nan da nan ta ba ni haƙuri ta rage, da na ce ai kin matse da yawa ta sake ƙarawa. Wannan ne ya tsayar da ni. Mai duba jarabawa da za ka iya juya shi da magana ɗaya ba mai duba jarabawa ba ne, kuma haka aka gina irin waɗannan manhajoji, kalma mai zuwa suke hasashe kuma da ɗan bambanci kowane karo, ga son faranta wa mai tambaya.

Abin da ya fi damuna a wasiƙar nan ta 13 shi ne an ce a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma koke a kan rufe ɗakin karatu, ɗalibin ya yi ta kiransa da tu kamar abokinsa na majalisa kuma bai kawo shawarar da aka nema a ƙarshe ba sam. Nahawunsa ba laifi, shi ya sa manhajar ta ruɗu da shi, amma a jarabawar gaske mutane biyu masu horo ne ke duba takardar kuma waɗannan abubuwa biyu su za su fara gani. Ka yi tunanin wannan bawan Allah ya ga 21 a wayarsa ya je ya biya kuɗin rajista da ƙarfin gwiwa. Kuɗin nan ba kaɗan ba ne, wasu sai sun yi adashe. Don haka na kafa doka a ajin, kada wanda ya tambayi manhaja maki, kuma in ta bayar da kanta kada a ɗauka. Ni dai ina amfani da ita bayan na gama dubawa, na ce ta lissafo mini kurakuran nahawu ko akwai wanda idona ya tsallake, kuma takan kamo, musamman ƙananan alamomin nan na kan wasula da dare ya yi. Amma alƙalamin maki a hannuna yake.

Maganar murya ma haka ta kasance rabi da rabi. Yawancin manhajojin yanzu za ka iya yi musu magana su amsa da murya, kuma wannan ya taimaki masu kunya ƙwarai, wata ɗalibata ta ce a kicin take yi tana girki. Sai dai mu Hausawa muna da matsalarmu ta p da f, ga kuma u ɗin Faransanci da bakinmu ke mayar da shi ou. Na tsaya kusa da wani matashi yana gwadawa, da kunnena na ji ya ce "un feu" alhali "un peu" yake nufi, amma a fuskar wayar sai ga "un peu" an rubuta daidai, manhajar ta duba sauran jimlar ta cinka abin da yake nufi ta wuce ba ta ce masa komai ba. Ga mai son a fahimce shi wannan alheri ne, ga mai shirin zama gaban masu jarabawa kuwa ɓoye masa ciwo aka yi. To furuci na dawo da shi aji, mu riƙe takarda a gaban baki mu ce p mu ga ta motsa, kowa ya turo mini saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp na saurara da kunnena. Sauraro ma ban bar su da muryar manhaja kaɗai ba don ta cika tsabta da natsuwa, na haɗa su da labaran RFI na Faransanci mai sauƙi na minti goma, su ji yadda mutane ke magana da sauri da muryoyi daban-daban.

Ba kowa ne ya samu abin yadda ya kamata ba, wannan ma dole na faɗa. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025 wasu suka rage hirar murya don tana shan data, wasu wayarsu ƙarama ce, wasu ba wuta balle caji, manhajar kyauta kuma takan ce ka kai iyaka sai an jima. Masu hali sun biya na wata-wata suna ta gaba. Abin da na iya yi shi ne na haɗa su bibbiyu, mai babbar waya da mara ita, na ware minti ashirin na ƙarshen zama na kunna musu hotspot ɗina, ɗaya na bugawa ɗaya na faɗa masa abin da zai rubuta, kuma wannan gardamar da suke yi a tsakaninsu kafin su tura jimla ita kanta darasi ce.

Da jarabawa ta matso na shirya musu gwaji irin na gaske. Na roƙi wata abokiyar aikina ta zo muka zauna mu biyu a tebur, waya duk a kwali a bakin ƙofa, agogo a gabanmu, kowa ya shigo shi kaɗai. Batutuwan da za a zaɓa manhajar ce ta taya ni haɗa su, wannan kam ta iya, a ɗan lokaci ta ba ni gajerun rubutu masu yawa a kan aiki daga gida da sayayya ta intanet da tarbiyyar yara, na tace na gyara waɗanda suka fi ƙarfin B1. Ni da abokiyar aikin kowa ya saka makinsa a ɓoye sannan mu kwatanta, inda muka saɓa mu tattauna har mu daidaita. Bambancin da na gani da ƴan shekarun baya shi ne ba sa yin shiru, mutum zai yi kuskure amma zai ci gaba, in kalma ta ɓace masa ya zagaya ya faɗe ta wata hanya, ko ya ce a maimaita masa tambaya ba tare da ya firgita ba. Alhaji da aka ba shi wasan mayar da kaya shago har sai da abokiyar aikina ta ce masa lokaci ya cika.

Waɗanda na ga ba su kai ba na faɗa musu gaskiya su dakata zuwa jarabawa ta gaba, wani ya nuna mini wayarsa ya ce "amma Malam ita ta ce na shirya", na ce masa ƙanena ajiye wannan ka zo mu buɗe littafin kuskurenka tare, muka buɗe ya ga shafi uku duk abu ɗaya ne yake maimaitawa. Ya haƙura ya jira. Cikin waɗanda suka shiga mafi yawa sun samu, wanda bai samu ba kuma a sauraro ya gaza kai 5 ɗin nan, yanzu haka shi da wancan ƙanen nawa suna zuwa rabin awa kafin kowa, ina kunna musu labaran rediyo a ƙaramar sifika suna rubuta abin da suka ji.